Daga DSL Zuwa Kebul: Tambayoyin da 'Yan'uwa Mazauna Amurka Suka Fi Yi Mini

Tun da aka gane ina ɗan taɓa harkar kwamfuta, da wuya a sallame sallar Juma'a a watse wani bai ja ni gefe ba: "Malam, intanet ɗin gidana ya koma tafiyar hawainiya, yara sun hana ni sakat, yaya zan yi?" Sau da yawa in na bi diddigi sai in tarar gidan yana kan tsohon layin DSL ne da aka haɗa tun shekara goma baya, ana ta biya saboda sabo. Ni ma na yi wannan ƙaura daga DSL zuwa kebul, na ci ribarta, na kuma biya kuɗin rashin sani. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Wai mene ne bambancin DSL da kebul? Ba duk waya ce ta shigo gida ba?

Duk waya ce, amma ba iri ɗaya ba, kuma ba don aiki ɗaya aka shimfiɗa su tun farko ba.

DSL yana bin wayar tarhon gida ne, siraran wayoyin jan ƙarfe guda biyu da aka murɗe tare. An yi su ne domin murya, murya kuwa ɗan ƙaramin sarari take ci a cikin wayar, ƙasa da kilohaz 4. A ƙarshen shekarun 1980 injiniyoyin Bellcore, wata cibiyar binciken sadarwa a Amurka, suka nuna cewa sauran sararin da ke sama da murya ana iya ɗora masa bayanai. Shi ya sa ake maƙala wa kowane tarho a gidan DSL wata 'yar matata, don kada ƙarar intanet ta shiga hira. Tsarin DSL na 1999, mai suna ADSL, iyakar saurinsa megabit 8 a daƙiƙa, ADSL2+ ya kai 24, VDSL2 kuma yana iya taɓa 100. Sai dai waɗannan alƙaluma na wanda ke zaune kusa da akwatin kamfani ne. Siginar tana raunana da nisa. Wanda ke mita ɗari uku daga akwati yana cikin daula, wanda ke kilomita huɗu sai haƙuri, in aka wuce kilomita biyar da rabi kuwa zance ya ƙare. Wannan shi ne dalilin da za ka ji abokinka yana yabon DSL ɗinsa kai kana tsine wa naka, alhali kamfaninku ɗaya, kuɗinku ɗaya.

Kebul kuwa wayar talabijin ce, mai kauri, zagayayya, da tsinke ɗaya a tsakiya da rigar ƙarfe da ke kare shi daga hayaniya. Asalinta tun 1948, lokacin da mutanen wasu garuruwa da ke tsakanin duwatsu a Pennsylvania da Oregon ba sa kama tasha, sai aka kafa eriya a kan tudu aka janyo waya zuwa gidaje. Wayar da aka yi don ɗaukar tashoshi masu yawa a lokaci guda tana da faɗin ciki. A 1997 cibiyar CableLabs ta fitar da tsarin DOCSIS, wanda ya ba da damar bi da intanet ta cikinta. Sigar 3.0 ta 2006 ta haɗa tashoshi da dama su yi aiki tare, sigar 3.1 ta 2013 kuma ita ta sa gigabit, wato megabit dubu, ya zama abin da ake sayar wa gidaje. A yau mafi yawan tafiyar ma a kan faiba ake yin ta, wato zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, sai an iso unguwa sannan wayar kebul ta karɓa ta rarraba.

Kebul ɗin nan shi ne irin na DStv da muka sani a gida?

A'a. A gida mun saba ce wa duk talabijin na biya "kebul", amma DStv daga tauraron ɗan Adam yake saukowa ta faranti. Kebul na ainihi waya ce da ke bin turakun titi ko ƙarƙashin ƙasa har cikin ɗaki. Shi ma DSL ɗin baƙo ne ga yawancinmu, domin layukan NITEL sun durƙushe kafin ya yaɗu, sai muka tsallaka kai tsaye zuwa data ta wayar hannu. Saboda haka kada kowa ya ji kunyar tambaya.

In na koma kebul, saurin zai ƙaru da gaske?

Wajen saukewa, kusan babu tantama. Wanda ke samun megabit 6 ko 12 a DSL, mafi ƙanƙantar tsarin kebul ma zai ninka masa sau da yawa. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, a 2015 ta ce sai layi ya kai megabit 25 na saukewa da 3 na ɗorawa kafin a kira shi intanet mai sauri. A Maris 2024 ta ɗaga ma'aunin zuwa 100 da 20. Da wannan ma'auni, galibin layukan DSL sun faɗi jarrabawa. Kamfanonin da kansu ma sun juya masa baya: AT&T ya daina karɓar sababbin masu tsohon DSL tun 1 ga Oktoba 2020.

Amma kada mai talla ya ruɗe ka da gigabit. Netflix da kansa megabit 15 yake nema don kallo mafi kyawu na 4K, 5 kuma don mai bi masa. Gida mai mutum biyar, kowa da abin da yake kallo, megabit 200 zuwa 300 sun wadace shi har da saura. Na sha ganin ɗan'uwa yana biyan kuɗin gigabit, abin da ake yi a gidan bai wuce WhatsApp da YouTube da karatun yara ba.

An ce kebul yana yin sanyi da daddare saboda ana raba shi da maƙwabta. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. A DSL, wayarka taka ce kai kaɗai daga gida zuwa akwatin kamfani. A kebul, gidaje da yawa ne ke shan ruwa a famfo ɗaya, wato kulli guda da ke ciyar da unguwa. In kamfani ya cusa gidaje fiye da ƙima a kan kullin, to daga bakin ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da kowa ya dawo ya kunna kallo, za ka ji layin ya yi nauyi. A shekarun farko na kebul wannan babbar matsala ce, masu sayar da DSL har talla suka riƙa yi da ita. Yanzu ta ragu sosai, domin an rarraba kulle-kullen an kuma faɗaɗa tashoshi. Kuma kebul da ya yi sanyi daga 300 zuwa 150 har yanzu ya yi wa DSL mai 10 fintinkau.

Abin da ya rage shi ne lamarin na unguwa-unguwa ne. Babu wanda zai faɗa maka gaskiyar titinku sai mutumin titinku. Ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, ka roƙe shi ya gwada saurinsa da ƙarfe tara na dare a gabanka. Gani ya kori ji.

Ni damuwata kiran bidiyo ne zuwa gida. Hajiya tana cewa hotona yana daskarewa.

To nan ne ake tafka kuskure, domin kowa lambar saukewa yake kallo, ita ce aka rubuta da manyan baƙaƙe. Hoton da Hajiya ke gani a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, daga gidanka yake fita, wato aikin ɗorawa ne. Tsohon ADSL da ƙyar yake ba da megabit ɗaya na ɗorawa. In kana kiran bidiyo, sai wayar uwargida ta fara tura hotunan suna zuwa ma'ajiyar Google, shi ke nan hanya ta toshe, murya ta fara yankewa.

Kebul ya fi, amma shi ma gurgu ne ta wannan ƙafar. Da yake an gina shi don turo talabijin zuwa gidaje, ɗan siririn yanki kawai aka ware wa abin da ke komawa, daga megahaz 5 zuwa 42 a Arewacin Amurka. Shi ya sa shekara da shekaru za ka ga tsarin megabit ɗari-ɗari na saukewa amma ɗorawarsa 10 ko 20, na gigabit ma 35. Kamfanonin sun fara faɗaɗa wannan yanki a wasu garuruwa, don haka tambayi lambar ɗorawa ta adireshinka takamaimai. Don kiran bidiyo, megabit 10 ya isa ya yi yawa, tunda Zoom ma bai kai 4 yake nema ba don hoto mafi kyau. Wanda ke ɗora wa'azi ko bidiyon biki a YouTube kullum, shi ne zai so ƙari.

In ka koma kebul hoton bai daina daskarewa ba, to wataƙila daga can ne. Layin da ke ɗauke da Hajiya ba ya hannunka.

Wane kamfani ne ya fi kyau?

Tambayar tana nuna kamar akwai zaɓi. A mafi yawan adireshi kamfanin kebul ɗaya ne tak, domin tun zamanin talabijin kowane kamfani da yankin da ya shimfiɗa wayarsa. Mutanenmu na Bronx Optimum ne nasu, na Harlem da Queens Spectrum, na Philadelphia da Chicago da Houston da Baltimore kuma Xfinity na Comcast. Wasu garuruwan Cox ne. Ka shiga taswirar intanet ta FCC, wadda aka buɗe a Nuwamba 2022, ka sa adireshinka ka ga waɗanda suka ce suna kaiwa. Sannan ka tabbatar a shafin kamfanin, har da lambar ɗaki in gidan haya ne mai hawa, domin taswira takan yi alƙawarin da waya ba ta cika ba.

Game da halinsu kuwa, na saurari labarin mutane da yawa, kuma abin da na lura shi ne ba a cika kuka da wayar kanta ba. In ta zauna, ta zauna. Kukan kusan kullum a kan abu uku yake: kuɗin da ke hawa ba sallama, wahalar samun ɗan Adam a waya, da wahalar rabuwa. Kowane kamfani za ka sami mai yabonsa da mai zaginsa, sau da yawa a masallaci ɗaya, sahu ɗaya.

Farashin da na gani a talla ya fi abin da nake biya yanzu araha. Ina tarkon yake?

Tarkon yana cikin ƙananan rubutun ƙasa. Farashin talla na garaɓasa ne, na wata 12 ko 24, bayan nan sai ya koma na ainihi, wanda kan iya ɗara na farko da dala ashirin, talatin ko fiye. Sau da yawa kuma farashin yana tare da sharaɗin ka yarda a riƙa cire kuɗi kai tsaye daga asusunka. Sai kuɗin hayar na'ura, sai kuɗin haɗawa.

An ɗan samu sauƙi daga 10 ga Afrilu 2024, ranar da FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni nuna wani allon bayani mai kama da wanda ake liƙa wa kwalin abinci: farashi, ko na garaɓasa ne, ƙarin caji, saurin saukewa da na ɗorawa, da iyakar data. Nemi wannan allon ka ɗauki hotonsa. Kafin ka amince da komai, yi wa mai sayarwa tambayoyi huɗu, kuma ka rubuta amsa da ranar da sunan da ya ba ka:

Nawa zan biya a wata na 13? Akwai kwantiragi, kuma nawa ne tarar fita? Nawa ne jimillar kuɗin wata da haraji da na'ura? Akwai iyakar data?

In ya fara zagaye-zagaye yana tallata maka talabijin da layin wayar hannu, ka ce, "Na gode, intanet kaɗai nake so," ka maimaita har ya gaji. Aikinsa yake yi, ba laifinsa ba ne, amma aljihun naka ne.

Wasu suna tambayar tallafin gwamnati na dala 30 a wata. Wannan shirin, ACP, ya tsaya a farkon Yuni 2024 da kuɗinsa suka ƙare, bayan ya taimaki gidaje sama da miliyan 23. Ɗaya shirin gwamnati, Lifeline, yana nan, rangwamen dala 9.25 a wata ga wanda ya cancanta, kuma manyan kamfanonin kebul suna da tsari mai rahusa na masu ƙaramin ƙarfi, irin su Internet Essentials na Comcast. Ba sa yayata shi, sai ka tambaya.

In sayi modem nawa ko in yi hayar nasu?

Modem ɗin DSL ɗinka dai, wato akwatin da wayar bango ke shiga, ba zai yi aiki a kebul ba, wannan a ajiye shi gefe. Rautar Wi-Fi kuwa, mai rarraba intanet ɗin a cikin gida, in dabam take da modem, za ta yi.

Lissafin mai sauƙi ne. In haya dala 15 ce a wata, a shekara ka biya 180, kuɗin da zai saya maka modem mai kyau. Spectrum ba ya cajin modem, rauta yake caji, don haka a can rautar kawai za ka saya. Wasu sababbin tsare-tsaren kuma sun haɗa na'urar a cikin farashi, to nan saye ba shi da riba. In za ka saya, ka ɗauki mai DOCSIS 3.1, ka kuma duba jerin na'urorin da kamfaninka ya amince da su kafin ka biya. Ka guji na hannu daga wanda ba ka sani ba, domin in lambar na'urar tana maƙale da asusun wani mai bashi, ba za a kunna maka ba. Akwai kuma doka da ta fara aiki a Disamba 2020 da ta hana kamfani cajin haya a kan na'urar da kai ka saya da kuɗinka.

Aibin mallakar naka guda ne: duk ranar da layi ya samu matsala, abu na farko da za a ce maka shi ne "na'urarka ce". Dattijon da ba ya son jayayya a waya, ni hayar nake ba shi shawara.

Yaya zan tsara ƙaurar? In fara yanke DSL ɗin?

Kul! Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Wayoyin biyu ba sa shiga harkar juna, kana iya riƙe su tare. A haɗa kebul, ya yi mako guda yana aiki dare da rana, ka gwada shi, sannan ka sallami tsohon. Kuɗin mako ɗaya ko biyu da za ka biya sau biyu bai kai zafin zama babu intanet ba. Ga ƙarin dalili: a wurare da yawa in ka saki tsohon DSL ba za a sake mayar maka da shi ba, an rufe ƙofar.

Ni a nan na ci karo. Na yi wayo, na kira na ce a yanke DSL ranar Talata tunda an yi mini alƙawarin mai haɗa kebul ranar Litinin. Ya zo kuwa, saurayi mai fara'a, ya sa safar leda a kan takalminsa kafin ya taka kafet. Ya jona na'urarsa a bango, ya yi shiru, ya fita ya ɗaga kai yana kallon turke. Ashe wayar da ta taso daga turke zuwa gidan an datse ta tun zamanin wani mai haya, guntunta ne kawai ke lilo. Ya ce wannan aikin wata tawaga ce daban, mai mota da tsani. Kwana tara muka yi. Babbar 'yata tana da jarrabawa, sai da na riƙa kai ta laburaren unguwa bayan la'asar, ni kuma ina zaune a mota ina aikin ofis da datar wayata.

Da za ka yanke, tambayi ranar da watanka ke ƙarewa, domin kamfanoni da yawa ba sa mayar da kuɗin ragowar kwanaki. Za a tura ka wurin masu rarrashi, su yi maka tayin ragi. Ka saurara in kana so, amma ragi ba ya gajarta nisan gidanka da akwati. Karɓi lambar shaidar yankewa.

Sannan na'urarsu. Mayar da ita, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton rasit ɗin da lambar jikin na'urar. Wata uku bayan na mayar da tawa sai ga takarda wai ban dawo da ita ba, ana bi na dala ɗari da wani abu. Allah Ya taimake ni uwargida ba ta zubar da takarda, ta zaro rasit ɗin daga cikin wata tsohuwar jakar fasfo. Minti biyar aka soke bashin. Ba don ita ba, da sai dai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta shiga kwamfutarsu. Irin wannan bashi in aka yi sakaci har wurin masu karɓar bashi yake kaiwa, ya ɓata wa mutum tarihin kiredit.

Lambar tarhon gidana fa? Shekara ashirin 'yan'uwa sun san ta.

Lambar taka ce, doka ta ba ka damar tafiya da ita. Sharaɗin shi ne kada ka yanke layin da kanka. Sabon kamfani za ka ba lambar da bayanan asusunka, shi zai janyo ta. In ka riga ka yanke, lambar na iya salwanta. Ka sani kuma janye lambar yakan rufe tsohon asusun har da DSL ɗin da ke kansa, don haka sai kebul ya zauna tukuna.

Wani abu da ba a faɗa wa mutane: tsohon tarho daga ofishin kamfani yake samun wutarsa, shi ya sa ko an ɗauke wuta yana aiki. Tarhon kebul daga soket ɗin gidanka yake sha. Wuta ta tafi, ya tafi, sai in da batir. Gidan da ke da tsoho ko mara lafiya, ko ƙararrawar tsaro da ke bin layin tarho, a yi wannan tunanin tun kafin guguwa ta zo.

Adireshin imel ɗina na tsohon kamfanin ne.

Wasu suna barin mutum da shi, wasu suna rufewa. Kada ka dogara. Buɗe Gmail ko makamancinsa yau, ka sauya a banki, da wurin aiki, da makarantar yara, musamman kuma a asusunka na hukumar shige da fice.

Zan iya haɗawa da kaina?

In gidan ya taɓa amfani da kebul kwanan nan, ƙwarai. Za a aiko da kwali, ka ɗaura waya a bango, ka kunna ta manhajar kamfanin, rabin awa ya isa, ka tsira da kuɗin mai haɗawa. In fitilar modem ta yi ta ƙiftawa ba ta tsaya ba, gwada wani bakin bangon, domin ba duka ke da rai ba.

Babban maƙiyin kebul shi ne 'yar marabar nan ta ƙarfe da ake sa wa don raba waya zuwa ɗakuna. Kowace mai baki biyu tana cinye kusan rabin ƙarfin sigina, desibel 3.5. A tsofaffin gidaje za ka tarar da uku ko huɗu a jere a ɗakin ƙasa, wasu sun yi tsatsa, suna ciyar da ɗakunan da ba kowa ke kallon talabijin a cikinsu. Cire waɗanda ba a buƙata, ka ƙara matse kowane baki da hannu. Mai son leƙa ciki ya rubuta 192.168.100.1 a burauza, yawancin modem za su nuna masa lafiyar layin. Ƙarfin saukowa ana so ya zauna tsakanin -7 da +7, na komawa kuma kada ya haura 50. In lambobin sun kauce, kira a turo ma'aikaci, ka karanta musu su a waya. Za ka ji muryar mai amsawa ta sauya.

A gidan haya, nemi izinin mai gida kafin a huda bango.

Ina biyan kuɗin megabit 500, amma wayata 60 take nunawa. Cuta ce?

Wataƙila, amma kafin ka yi fushi gwada da waya. Jona kwamfuta da rauta kai tsaye, ka shiga Speedtest ko fast.com. In ka ga kusan 500, kamfani ya fita, matsalar Wi-Fi ɗin gidanka ce. A zamanin DSL ba ka taɓa lura ba saboda layin ya fi Wi-Fi ɗin rauni, yanzu kuwa an juya. Rautar da aka ɓoye a bayan talabijin, ko a ƙasan kabad don kada ta ɓata ado, ba za ta yi abin kirki ba. Ɗora ta a sarari, a tsakiyar gida. Zangon Wi-Fi na gigahaz 5 ya fi sauri amma ba ya son bango, na 2.4 yana nisa amma a gidajen hawa cike yake da hayaniyar maƙwabta. Tsohuwar rauta kuma, wadda bakinta bai wuce megabit 100 ba, ko nawa ka biya a nan za ta tsaya.

A kula da wani ruɗani: kamfani da megabit yake awo, kwamfuta kuwa in tana sauke fayil megabait take nunawa. Bit takwas ne bait ɗaya. Layin 400 da ke nuna 50 wajen saukewa lafiyarsa ƙalau.

Data tana ƙarewa kamar ta gida?

Ba ta yankewa, amma wasu suna da rufi, in ka haura a caje ka ƙari. Comcast ya yi shekaru da rufin terabait 1.2 a wata, wato gigabait 1,200, a jihohi da yawa, kafin ya fito da sababbin tsare-tsare marasa iyaka a 2025, don haka mai tsohon tsari ya duba nasa. Spectrum ba shi da rufi. An haramta masa sa shi na shekara bakwai a matsayin sharaɗin haɗewar Charter, kamfanin da ke da Spectrum, da Time Warner Cable a 2016, kuma bai sa ba bayan wa'adin ya cika. Terabait guda ba ƙaramin abu ba ne, sai gidan da talabijin uku ke kunne tun safe, ko samari masu sauke wasannin bidiyo.

Na kira sau biyar ba a gyara ba. Ina zan kai ƙara?

Da farko tara hujja: ranakun da layi ya yanke, hotunan gwajin sauri, lambar kowane kira. Nemi a rage maka kuɗin kwanakin da babu aiki, domin ba a cika bayarwa sai an nema. In abin ya ƙi, shigar da koke a shafin masu amfani na FCC. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, kuma kamfani yana da kwana 30 ya ba da amsa a rubuce. Abin da na gani shi ne koken yakan faɗa hannun wani ofishi na sama, inda mai kiranka yake da ikon da na farko ba shi da shi. Ofishin babban lauyan jiha ma yana karɓar irin wannan, haka hukumar birni da ta ba kamfanin izinin shimfiɗa waya.

Ka yi magana a hankali. Yarinyar da ta ɗauki wayar ba ita ta datse maka layi ba, kuma na ga taushin baki ya sauke kuɗin wata fiye da yadda faɗa ya taɓa yi.

Ban daɗe da zuwa ba, ba ni da tarihin kiredit. Za su ba ni?

Za su iya neman ajiya, ko su nuna maka tsarin biya-kafin-amfani, wanda ba ya buƙatar bincike. Abin da ba na so shi ne a buɗe da sunan wani ɗan'uwa. Ranar da aka yi jinkirin biya ko na'ura ta ɓata, sunansa ne zai ɓaci, zumunci kuma ya yi tsami a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

To akwai wanda za ka ce masa kada ya koma kebul?

Akwai. Wanda faiba ta iso ƙofarsa, irin Fios na Verizon ko faibar AT&T, ya tsallake kebul ɗin gaba ɗaya, domin a faiba ɗorawa takan yi daidai da saukewa, ga ta ba ta damu da nisa ba. Sau da yawa ma kamfanin DSL ɗinka ne ke da ita, sai dai ka tabbatar faibar har cikin gida take shiga, ba a bakin titi ta tsaya ta miƙa wa tsohuwar wayar tarho ba. Mai zama shi kaɗai ko mai yawan sauya gida yana iya gwada intanet ɗin gida na 5G daga T-Mobile ko Verizon: akwati ne kawai a bakin taga, babu huda bango, amma ƙarfinsa ya danganta da hasumiyar da ke kusa da yawan masu hawanta.

Sai kuma irin wani dattijo da na je dubawa, shi da matarsa kaɗai, gidansu na kallon akwatin kamfani, VDSL ɗinsa na ba shi megabit 50 ba ya motsi, farashinsa bai sauya ba shekara da shekaru. 'Ya'yansa ne suka matsa a sauya masa. Na gwada layin sau uku, na duba takardar kuɗinsa, na ce, "Baba, bar abinka." Rautar kawai muka ciro daga bayan firiji muka ɗora a kan kanta.